Wa Zai Yi Wa Mai Goge Shiru?

Duk dattijon Kano da ya ce maka bai taɓa jin gogen Turawa ba, tambaye shi ko da ƙuruciya ya taɓa yankar tikiti a Plaza ta Fagge ko El Dorado ta Sabon Gari. In ya sunkuyar da kai yana murmushi, to ya ji, ya kuma sha ji. A 1937 aka buɗe siliman Rex a Sabon Gari, kuma tun daga lokacin da Kwarori masu gidajen siliman suka gano finafinan Indiya sun fi na kaboyi shiga ran Bahaushe, kunnen mutanen wannan yanki bai huta da wannan kiɗa ba. Wancan kukan mai tsinka zuciya da ke tasowa in uwa ta rasa ɗa, ko in jirgin ƙasa ya ja da masoyiya saurayi na tsaye a tasha, ba komai ba ne illa gomman masu goge a jere a ɗakin ɗaukar sauti na Bombai, suna jan baka lokaci guda. Waɗanda ba su je siliman ba sun same shi ta wata ƙofar: kaset ɗin Sayyid Khalifa da Muhammad Wardi na Sudan, ko Ummu Kulsum ta Masar, da ake kunnawa a shagunan teloli da wurin masu shayi. A bayan muryar kowannensu akwai layin masu goge.

Abin da ba mu saba gani ba shi ne mutumin da kansa, a tsaye, da gogensa a ƙarƙashin haɓa, babu jarumi babu jaruma, babu mai waƙa, jama'a sun biya kuɗi sun zauna don hannunsa kawai. Wannan shi ne wasan da Turawa ke kira kancato, kuma a kansa nake so mu ɗan tsaya, domin akwai abin da yake tona mana game da yadda muka riƙi namu gwanayen.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya tashi yana jin mawaƙi da 'yan amshinsa. Makaɗa sittin zuwa tamanin ne ke zaune a kan dandamali, masu goge manya da ƙanana, masu busa, mai tambari a can baya. Madugunsu yana tsaye da 'yar sanda yana ba kowa lokacinsa. Gefensa kuma ga gwanin, shi kaɗai a tsaye, babu takarda a gabansa domin da ka zai yi. Shi ne mai jan baki, sauran duka amshi suke yi masa, sai dai amshin nasu ba maimaici ba ne kawai. Wani lokaci su rufe shi da ƙara har ka ce ya nutse, sai ka ji siririyar muryarsa ta ɓullo ta sama. Wani lokaci ya faɗi magana su murɗa ta su dawo masa da ita, ya karɓa ya ƙara mata ado. Yawanci kashi uku ake yi: na farko mai tsawo da nauyi, na tsakiya a hankali kamar mai lallashi, na ƙarshe da gudu irin na rawa. Kusa da ƙarshen kashin farko akwai gaɓar da kowa ke jira, wadda suke kira kadenza. Madugu zai sauke hannu, makaɗa duka su ajiye kayansu a cinya, a bar gwanin da halinsa na 'yan mintoci ya nuna iyakar abin da Allah ya ba shi. A zaure mai cin mutum dubu biyu, tari ma sai an danne.

Kancaton da Beethoven ya tsara, alal misali, da bugun tambari a hankali yake farawa, kuma gwanin zai tsaya wajen minti uku yana jira kafin ya taɓa tsirkiya. Wannan jiran ma wani ɓangare ne na wasan, domin idon kowa yana kansa. Ranar 23 ga Disamba 1806 aka fara yin sa a Biyana, Franz Clement ne ya goga, kuma bai karɓu ba. Sai a 1844 wani yaro ɗan shekara 12, Joseph Joachim, ya yi shi a Landan ƙarƙashin jagorancin Mendelssohn, daga nan duniya ta farka. Shekara 38 abin yana kwance a takarda yana jiran hannun da zai tashe shi. A riƙe wannan, domin namu kiɗan ba shi da takardar da zai kwanta a ciki ya jira.

Me ya sa dole sai ido da ido, alhali ga waya a hannun kowa? Domin gogen Turawa ba shi da alama a wuyansa da za ta gaya wa yatsa inda zai sauka. Ya goce da faɗin gashi, sautin ya karkace, kuma kowa zai ji. Gwanin yana tafiya ne a bakin rami tun daga farko har ƙarshe, na wajen minti arba'in. A ɗakin ɗaukar sauti in ya kuskure sai a yanke a sake. A gaban jama'a babu sakewa. Wanda ke zaune a zauren yana jin har ƙarar gashin baka a kan tsirkiya, yana ganin gumi, yana ganin gashin da ya tsinke yana reto, yana ganin yadda gwanin ke satar kallon madugu kafin su faɗa wata gaɓa tare. Rabin daɗin, fargaba ce.

To, duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge na gaske a ƙasar Hausa ya san wannan fargabar, kuma ya san ba a Turai kaɗai ake samunta ba. Kayan aikin ma 'yan uwan juna ne. Bature da gashin wutsiyar doki yake ɗaure bakansa, ya goga masa ƙaro don ya kama tsirkiya. Namu ma haka, sai dai shi har tsirkiyar tasa tsagiya ce. Bature ya sassaƙa akwatinsa da katako, namu ya rufe ƙwarya da fatar guza, ya kafa ɗan jaki a kai ya ɗora tsirkiya. Bambancin da ya fi girma shi ne na lissafi: Bature tsirkiya huɗu gare shi, namu ɗaya tak. Kuma mai goge ba ya danne tsirkiyar ta taɓa itace, a iska yatsunsa ke taɓa ta, don haka babu abin da zai jingina da shi sai kunnensa. Daga wannan tsirkiya ɗaya yake fitar da muryar tsohuwa da ta budurwa, ya yi shessheƙa, ya yi guɗa, ya kira sunan mutum sarai har mai sunan ya waiwayo, saboda harshenmu mai hawa da sauka ne, goge kuma yana bin hawan da saukar. Sa'an nan ga 'yan ƙwarya a zaune a gabansa suna riƙe masa ƙasa, in ya karya kiɗa su karya tare da shi ba tare da wani ya ɗaga musu sanda ba.

A Turai, goga waƙa sukutum a kan tsirkiya ɗaya abin a zo a gani ne. Da shi Paganini, mutumin Janowa ta Italiya da aka haifa a 1782, ya riƙa rikita jama'a, har ya tsara kiɗe-kiɗe na musamman don tsirkiya ɗaya. Abin da ya zama abin al'ajabi a hannunsa, shi ne abincin yau da gobe na Audu Yaron Goge da Garba Liyo. Haka ƙanwar goge, wato kukuma, a hannun Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka. Mutanen Kano da yawa an kai iyayensu mata ɗakin miji da Amarya Ango ta Garba Supa, amma tambayi mutum goma abin da suka riƙe a cikinta, baitocin za su rero maka. Da wuya ka sami wanda zai ce maka: ka ji yadda ya juya bakan nan a wuri kaza? Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana nuna cewa a kiɗan Hausa magana ce a gaba, kayan kiɗa rakiya suke yi mata. Gaskiya ne, kuma ba aibi ba ne, da haka muka sami Shata da Ɗankwairo da Narambaɗa. Amma akwai asara a ciki: mun iya sauraren baki, ba mu koyi sauraren hannu ba.

Paganini ya sake haɗuwa da mai gogenmu a wani wurin da bai yi wa kowannensu daɗi ba. Saboda tsananin gwanintarsa, mutanen zamaninsa suka yi ta yaɗa cewa da Shaiɗan ya ƙulla yarjejeniya. Da ya mutu a Nis a 1840, hukumar coci ta hana a binne shi a maƙabartarta, aka yi ta yawo da gawarsa, sai a 1876 ya sami kabari a Parma. Ashe ba Bahaushe kaɗai ke jin wannan sauti ya ce akwai wata a ƙasa ba. A nan, goge ya daɗe yana zaune da bori. Kowane iska da takensa, Sarkin Rafi da nasa, Ɗan Galadima da nasa, kuma mai goge ko mai garaya ne ke kiran su. Da bori ya ja baya a birane, goge ya koma gidajen mata masu zaman kansu da otal-otal, kuma a Kano wannan yana nufin gefen Fagge da cikin Sabon Gari, unguwannin da ke bayan ganuwa, inda baƙo ke sauka tun zamanin ayarin raƙuman Azbinawa da kuma bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. A can ne direba da ɗan kamasho da ɗan kasuwar da ya ci riba suke raba dare suna liƙi. Yarabawan Sabon Gari kuma suna da nasu Yusuf Olatunji, gwanin sakara da ya rasu a 1978, wanda shi ma da irin wannan gogen ya yi suna. Sauti ɗaya ne yake fita ta tagogi biyu a titi ɗaya.

Sai dai ƙarshen labarin ya bambanta. Gogen Paganini yana nan a gidan hukumar birnin Janowa cikin gilashi, kuma tun 1954 ake gasar duniya da sunansa, matasa daga Sin da Koriya da Rasha suna zuwa neman kambu. Mutumin da aka hana wa kabari ya zama abin alfaharin gari. Mu kuwa, wa zai kama hannunka ya kai ka inda aka ajiye gogen Garba Liyo?

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma ba zan kewaye shi ba. Mafi yawan malaman mazhabobi sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya, malaman jihadin Shehu Usmanu sun yi wa'azi mai zafi a kan kiɗan banza, kuma Ahmadu Doka da kansa ya ajiye kukuma ya ce ya tuba. Wanda ya bi wannan ya kauce wa goge, babu mai ganin laifinsa, fatawa kuma ta malamai ce ba ta marubucin jarida ba. Amma ya kamata a san cewa maganar tana da faɗi a cikin littattafan su kansu. Ibn Hazm na Andalus bai ga ingancin hujjojin haramcin ba. Imam Gazali, da ya zo kan masu tsirkiya a littafinsa Ihya, dalilin da ya kawo shi ne sun zama alamar mashaya, jin su yana tuna wa mutum majalisar giya. Farabi kuwa littafi guda ya rubuta a kan ilimin kiɗa, har ya yi bayanin rababa a ciki. In muka ɗauki dalilin Gazali, ashe babban laifin goge shi ne inda yake kwana. Mu ne kuma muka hana shi zaure muka tura shi can, sa'an nan muka dawo muna toshe hanci.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, da kafa hukumar tace finafinai da ta Hisba, kiɗa bai ragu a garin nan ba ko kaɗan. Ƙaruwa ma ya yi. Wanda ya ragu shi ne makaɗi. Fiyano ta shigo ɗakunan ɗaukar sauti tare da finafinan Hausa, yaro ɗaya ya zauna ya danna maɓalli, ga goge, ga sarewa, ga kalangu, duk na ƙarya. A biki kuwa an sallami masu kiɗa an ɗauko DJ, mawaƙi ya riƙe makirfo yana motsa baki a kan abin da aka riga aka naɗa. Wato mun kori wanda ya shekara ashirin yana horar da yatsunsa, mun riƙe sautinsa a cikin na'ura, kuma ban ji wanda ya ce na'urar ta fi shi tsarki ba. Gogen fiyano da na hannu, bambancinsu ɗaya ne da na furar da aka dama a gabanka da wadda aka ƙulla a leda tun jiya. Fiyano ba ta kuskure, shi ya sa ba ta taɓa sa gaban kowa ya faɗi ba.

Laifin ba na masu hani kaɗai ba ne. Mu masu son abin ma mun cuce shi, kuma da liƙi muka cuce shi. Mai goge ya fara hawa, ya kama wata hanya da in an bar shi zai kai mu inda ba mu taɓa zuwa ba, sai wani alhaji ya miƙe da bandir ɗin sababbin kuɗi. Nan take sanƙira ya katse komai da kirari, kiɗa ya koma taken alhaji, ya tsaya cik a wuri ɗaya har sai aljihu ya yi sauƙi. Kafin a dawo, wani ya miƙe don kada a fi shi. Ba a taɓa barin gwani ya yi minti goma a jere yana bin tunaninsa ba. Shi ma ya gane inda abincinsa yake, ya daina wahalar da kansa, ya haddace taken masu kuɗi. (Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi da naira, amma ita darajar takardar kuɗi ta dame ta, ba darajar kiɗa ba.) Tikiti ya fi liƙi mutunci ta wannan fuska: kowa ya biya a ƙofa, babu wanda ya sayi makaɗin, don haka na kowa ne.

Ba ina cewa mu kwaikwayi Bature har da zaman makokinsa ba. Wannan shirun da ake yi a zaurukansu, da harare-hararen da ake yi wa wanda ya tafa a tsakiyar wasa, sabon abu ne ko a wurinsu. A zamanin Mozart jama'a suna tafi duk inda abu ya burge su, shi ma yana murna da hakan. In misali muke nema, Alƙahira ta fi kusa da mu. Ummu Kulsum ta shekara da shekaru tana wasa a daren Alhamis ɗin farko na wata, a zaure, da tikiti, mutane a zaune da shigarsu ta mutunci. In gwanin gogenta Ahmad al-Hifnawi ya ja wata gaɓa shi kaɗai, zauren yakan yi tsit, in ya sauke a ɓarke da sowa har a nemi a maimaita. Shiru a lokacin shiru, sowa a lokacin sowa. Bahaushe ya san wannan, haka yake yi a gaban mai tafsiri da mai jan baki.

Sauran al'ummu ba su tsaya jiran kowa ba. Mutanen kudancin Indiya sun karɓi gogen Turawa sama da shekara ɗari biyu da suka wuce, suka zaunar da shi a ƙasa, suka jingina kansa da idon sawu, ya koma yaren gida. Sudan ta cika ƙungiyoyin kiɗanta da shi, kuma da yake ma'aunin sautinsu mai hawa biyar ne irin namu, shi ya sa waƙarsu ke zama daram a kunnen Bakano. A Dagomba ta Gana, masu goge makaɗan fada ne, gado ake yi, sarki ke riƙe da su. Imzad na Buzaye, wanda mata ke gogawa kuma ɗan uwan gogenmu ne na jini, ya shiga kundin gadon duniya na UNESCO a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya, aka buɗe wuraren koya wa 'yan mata shi. A Legas akwai cibiyar MUSON, wadda ƙungiyarta ta kafu a 1983, da makaranta da rundunar makaɗa, inda ɗan Najeriya ke tsayawa ya goga kancato. Tun a shekarun 1940 Fela Sowande ya ɗauki karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya tsara wa rundunar masu goge. Mu ma Hawan Sallar Kano ya shiga wancan kundi na UNESCO a 2024, mun yi murna, kuma ya cancanta. Amma dokin da muka kai duniya ta gani, daga wutsiyarsa ake cirar tsagiya.

Fagge ce ta fi dacewa ta fara gyara wannan, domin ƙaramar hukumar da ta haɗa Fagge da Sabon Gari tana da kusan duk abin da ake bukata a cikin tafiyar ƙafa. Akwai kuɗi a Kantin Kwari da Wapa da kasuwar Sabon Gari. Akwai majami'u da ke da malaman mawaƙa waɗanda suka iya karanta rubutun kiɗa da rubuta shi, abin da zai sa a kwantar da taken tsofaffi a takarda kafin su tafi da shi. Akwai matasa masu ɗakunan ɗaukar sauti da suka san na'ura. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, wadda aikinta ke nan tun asali, da rumbun tsofaffin faya-fayai a gidajen rediyon Kano da Kaduna. Ranar da wani zai tsara kancato na goge, mai tsirkiya ɗaya a tsaye a gaba, masu tsirkiya huɗu ashirin suna yi masa amshi tare da 'yan ƙwaryarsa, za a ga cewa ba a banza muke wannan magana ba. Amma wannan sai an yi shiri mai tsawo, kuma masu gogen da suka rage, a ƙauyukan Kano da Katsina da Zamfara da Maraɗi da Dogon Dutse, tsufa suke yi, 'ya'yansu kuma sun kama tuƙin adaidaita sahu.

Abin da za a iya yi bana ba ya bukatar rundunar makaɗa. A nemi zaure mai kujeru a Fagge ko Sabon Gari, a sa lokaci tsakanin la'asar da magariba don magidanci ya zo da iyalinsa, kada a sayar da abin da ya fi zoɓo ƙarfi. A biya makaɗin kuɗinsa cif kafin ya hau, a gaya wa sanƙira yau hutu yake yi, a roƙi masu bandir su bar shi a mota. A ba gwanin rabin awa ya yi abin da ya ga dama, a naɗa da na'ura mai kyau a kai wa jami'a ta adana. A takardar sanarwa kuma a rubuta sunan mai gogen a sama da manyan baƙaƙe, na mawaƙi a ƙasa, in ma akwai mawaƙin.